Idan tolget zai dawo hanyar Kaduna, kada a tsayar da mota

Tun ranar 4 ga Fabrairun 2025 masu mota suke biyan kuɗi a hanyar da ta tashi daga Abuja ta bi Keffi, Akwanga da Lafiya ta dire Makurɗi. Da aka fara, ƙaramar mota naira 500, jif 800, ƙaramar bas 1,000, manyan motoci 1,600, kuma ƙofofin karɓar kuɗin, wato tolget, huɗu ne. Ministan Ayyuka David Umahi bai ɓoye ba cewa sauran manyan hanyoyin tarayya suna layi, har da tamu ta Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, da zarar an gama aikinta. Gardamar a biya ko kada a biya ta kusa wuce mu ke nan. Abin da ya rage a hannunmu, mu da hanyar ta ratsa ta tsakiyar garinmu, shi ne yadda za a karɓi kuɗin, da inda za a karɓa, da abin da za a yi da shi.

Ni dai ina cikin masu ganin a biya. Duk wanda ya bi hanyar Abuja a shekarun nan ya san ya daɗe yana biyan harajinta, wajen bakanike da mai faci da mai sayar da shokazoba, wani ma a gadon asibiti. An ba kamfanin Julius Berger kwangilar sake gina hanyar, mai tsawon kilomita 375, a Disambar 2017. Aiki ya yi nisa daga Kaduna zuwa Kano, har Shugaba Buhari ya ƙaddamar da abin da aka gama a Mayun 2023, amma ɓangaren Abuja zuwa Kaduna, kilomita 165, ya yi ta jan ƙafa har gwamnati ta soke kwangilar a Nuwambar 2024 ta ba wani kamfanin. Ko an gama ta gobe, hanyar da ba ta da nata kuɗin da ke shigowa kullum dole ta jira kasafin kuɗi, kasafin kuɗi kuma ba ya sauri. Ramin da kwalta kaɗan zai toshe a watan Afrilu, kafin a saki kuɗinsa damina ta wuce, tireloli sun bi ta kansa, ya zama aikin kwangila. Haka muka rasa hanyar da aka gina a zamanin Babangida, kuma haka za mu rasa wannan idan ba a tanadar mata abin kula da ita ba.

Sharaɗina na farko, wanda a kansa sauran suka rataya, shi ne kada a tsayar da mota domin karɓar kuɗin.

Mun taɓa yin tolget a ƙasar nan, mun san yadda ya ƙare. A ƙarshen 2003 Shugaba Obasanjo ya sa aka rushe dukkan ƙofofin da ke kan hanyoyin tarayya, saboda abin da ke isa baitulmali bai taka kara ya karya ba, ana wawure shi tun a rumfa, ga takura wa matafiya. Ya nemi ya maye gurbinsu da harajin naira 1.50 a kan kowace litar mai, ƙungiyar ƙwadago ta ce ba ta san zancen ba, maganar ta mutu. Aka tashi babu tsuntsu babu tarko. Manya a cikinmu suna tuna ƙofar da ke wajen Kakau, wadda har yau sunanta bai bar wurin ba: layin motoci a rana, "babu canji", tikitin bogi, da masu jiniya da ake ɗaga wa sanda tun daga nesa. Ghana ma ta bi wannan sawun a Nuwambar 2021, ta dakatar da karɓar kuɗi a dukkan hanyoyi da gadojin gwamnati, kuma cikin dalilan da ta bayar har da cunkoson da rumfunan ke haddasawa. Ƙasashe biyu, shekaru 18 tsakani, ciwo ɗaya: layi da hannun ɗan Adam.

A nan ne nake tsoron za a kawo mana rabin magani. Idan jami'ai suka ce za a yi tolget na zamani, babu tsabar kuɗi, sau da yawa abin da suke nufi shi ne rumfa tana nan, sanda tana nan, ma'aikaci yana nan, sai dai maimakon ya karɓi ɗari biyar zai miƙo maka na'urar POS. Wannan yana iya rage sata, ban musa ba. Cunkoso kam ƙara shi zai yi, kuma lissafin ba ya buƙatar injiniya. Mu ɗauka mai karɓar tsabar kuɗi yana sallamar mota ɗaya cikin daƙiƙa 15. A awa guda ya sallami 240. Mu ɗauka kuma mai POS yana buƙatar daƙiƙa 40, tsakanin ciro kati, danna lambar sirri, jiran sabis da fitowar rasit, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai POS ya san na yi masa sassauci. A awa guda ya sallami 90. Idan rumfuna huɗu ne a hannu ɗaya, motoci 360 ke nan. To, a ce ranar Juma'a da yamma, lokacin da ma'aikatan Abuja ke kwararowa gida, motoci 600 suna isowa a awa. Kowace awa 240 za su taru a baya, kuma da tireloli a cikinsu layin zai kai kilomita guda kafin awa ta biyu ta shiga. Ban sa wanda katinsa ya ƙi ba, ban sa wanda aka cire masa kuɗi rasit bai fito ba ya kashe mota ya ce ba zai biya sau biyu ba, kuma da gaskiyarsa. Jajibirin Sallah ma kada a yi maganarsa.

Hannun titin da ba a tare shi ba kuwa, idan mota na bin mota da tazarar daƙiƙa biyu, yana ɗaukar motoci 1,800 a awa. Tsakanin 90 da 1,800 nan maganar take gaba ɗaya.

Tsarin da ke ba da wannan ba sabon abu ba ne, kuma ba shi da wani sarƙaƙiya. Ana gitta ƙarfe a saman titi, irin wanda ake rataya allon nuna hanya. A jikinsa akwai na'urar da ke aika siginar rediyo, da kyamarori. A gilashin gaban mota kuma ana liƙa sitika mai ɗan guntun lantarki a ciki, ba ta cin batir, ba ta buƙatar caji. Mota na wucewa a guje, na'urar ta kira sitikar, sitikar ta amsa da lambarta, kyamara ta ɗauki lambar motar don tabbatarwa, wata na'urar ta auna girmanta ta san ƙarama ce ko tirela, a cire kuɗin daga asusun da mai motar ya riga ya zuba wa kuɗi, saƙo ya shigo wayarsa. Singafo tana da irin wannan ƙarfe marar sanda tun 1998, har tana canza farashi gwargwadon lokaci, a ƙara idan hanya ta cika, a rage idan ta yi sauƙi. Wanda zai ce Singafo ba tsararmu ba ce, ya dubi Indiya, ƙasar da ke da direbobin manyan motoci talakawa, da yawansu ba su yi boko mai zurfi ba, kamar dai namu. A Fabrairun 2021 ta wajabta sitikar FASTag a manyan hanyoyinta, ta ce wanda ya shigo babu ita ya biya ninki biyu. Yawancin ƙofofinsu suna da sanda, sai dai sandar da kanta take ɗagawa, kuma mutanen da aka yi ta cewa ba za su iya ba sun iya. A nan gida ma, masu bin hanyar Lekki a Legas sun yi shekaru suna amfani da irin wannan alama kafin a daina karɓar kuɗi a wurin bayan rikicin zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020.

Na san abin da direba a tashar Kawo ko Mando zai fara cewa: sabis fa? Tambaya ce ta mai hankali. Ba mu manta farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da mutum zai tura kuɗi ya tsaya a gaban mai shago awa guda alat bai shigo ba. Ba mu manta ƙarshen Satumbar 2021 ba, da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda tsaro, aka shafe kusan wata biyu. Amma wannan hujja ce a kan POS, domin shi ne yake buƙatar banki ya amsa kafin a ɗaga sanda. Ƙarfen da ba shi da sanda ba ya jiran kowa. Yana rubuta wucewar motar a cikin kansa, da wutar sola da batir, idan sabis ya dawo ya aika lissafin. Motar ta riga ta kai Katari. Wanda asusunsa ya ƙare ma a bar shi ya wuce, saƙo ya same shi da Hausa cewa ana binsa kaza, yana da kwana kaza ya biya ba tare da tara ba. Kuma ya iya biya a wajen kowane mai POS na bakin tasha, ko ta hanyar danna lamba a ƙaramar waya mai madannai, ba sai da babbar waya ko manhaja ba. Sitikar kanta a ba da ita kyauta, a kai tebur tashoshin mota da kasuwanni da garejin manyan motoci, a liƙa wa mutane watanni kafin ranar farawa. Idan aka sa mata farashi, ko aka ce sai an je ofis ɗaya a cikin gari an bi layi, an haifi 'yan bunburutun sitika tun ba a fara ba.

Matsalar da ta fi sabis girma ita ce lambar mota, kuma ita ce ban ji ana tattaunawa ba. Tsarin da ba shi da sanda ya dogara ne a kan cewa idan mota ta wuce ba ta biya ba, ana iya gano mai ita. Mu kuwa mota sai ta canza hannu uku takardunta suna ɗauke da sunan wanda ya fara shigo da ita. Wata lambar ta goge, wata an lulluɓe ta da leda ko fata da gangan, wata motar ma babu lambar sam. Idan aka fara a haka, za a riƙa aika wa bawan Allahn da ya sayar da motarsa shekaru biyar da suka wuce bashin da bai ci ba, masu lulluɓe lamba kuma su riƙa wucewa kyauta. Gyaran yana hannun hukumar kiyaye haɗurra da ofisoshin lasin na jihohi: a buɗe watanni na sauya sunan mai mota a farashi mai sauƙi, a haɗa sitika da lambar wayar wanda ke tuƙa motar yau, sannan bashin da ya taru ya jira mutum ranar sabunta takardu. Waɗanda suka yi taurin kai, kyamara ta riga ta san su. Jami'ai su tsaya a wani fili da aka ware a gefen titi su zare motar da aka yi wa alama ita kaɗai, sauran jama'a su wuce abinsu. Kada a tare mutum dubu don a kama goma.

Kuma doka ta hau kan kowa. Manufar da Majalisar Zartarwa ta amince da ita a Agustan 2021, zamanin Babatunde Fashola yana minista, ta yafe wa kekuna, babura, Keke Napep, motocin soja da na sauran jami'an tsaro da na jakadu. Wannan ya isa. Kada a wayi gari kowane mai muƙami da ayarinsa sun shige ta wannan ƙofar. A Mayun 2024 gwamnatin nan ta soke yafe wa manyan mutane kuɗin shiga filayen jirgin sama, har aka ce Shugaban Ƙasa da Mataimakinsa ma za su biya. A yi haka a titi. Na'ura tana da wani alheri da ma'aikaci ba shi da shi: ba ta jin tsoro, ba a yi mata tsawa, ba ta san ɗan wane ba.

Akwai kuma tsaro, wanda mu a nan ba ma iya tsallake shi. Sunayen Rijana da Katari sun shiga bakin duniya ba don alheri ba. A hanya irin wannan, layin motocin da ya tsaya cak da dare, babu gaba babu baya, abin tsoro ne, rumfa cike da tsabar kuɗi kuma gayyata ce. Kyamarar da ke rubuta kowace mota tana iya taimakon jami'an tsaro wajen bin sawun motar da aka sace ko aka yi ɓarna da ita. Sai dai wuƙar tana da kaifi biyu. Bayanin cewa motar Alhaji wane tana wucewa kowace Juma'a da ƙarfe biyar, idan ya fita daga kwamfutar kamfani ya faɗa hannun da bai dace ba, rai zai iya tafiya a kansa. Muna da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. A rubuta a cikin yarjejeniyar wane ne ke da izinin ganin bayanan, tsawon wane lokaci za a ajiye su, da hukuncin ma'aikacin da ya sayar.

Kada kuma a sayar mana da abin fiye da ƙimarsa. Tolget na lantarki yana hana sabon cunkoso ne, wanda ƙofa za ta haifar. Ba zai warkar da wanda muke ciki ba, domin na Kaduna asalinsa daban. Babbar hanyar da ta haɗa Kudu da Arewa maso Yamma tana bi ne ta Bypass, daga Command Junction zuwa Mando da Kawo, kuma wannan titin da aka yi don ya kewaye gari, gari ya daɗe da haɗiye shi. Tirela mai zuwa Kano daga Legas tana gogayya da ɗan Keke mai kai yara makaranta a Tudun Wada ko Kurmin Mashi. Sabuwar gadar Kawo da aka buɗe a 2022 ta kawo sauƙi a wurinta, amma ba ta rage yawan manyan motocin da ke ratsa gari ba. Hanyar da ya kamata ta kwashe su, wato Bypass ta gabas, tun 2002 aka ba da kwangilarta. Sannan ga Mararrabar Jos da Tafa, inda tireloli da tankoki ke kwana a kafaɗar titi, wani lokaci har su cinye hannu guda, saboda ba su da isasshen wurin da ya fi nan. Idan kuɗin tolget zai taɓa cunkoso, ta nan zai taɓa shi: a ware kaso a rubuce don garejin manyan motoci mai ruwa da banɗaki da masallaci da tsaro, da motar janwe da za ta ɗauke tirelar da ta lalace cikin awa guda maimakon kwana biyu. Idan an gama hanyar gabas kuma, farashi da kansa zai iya kora manyan motoci can, a sauƙaƙa wa wanda ya kewaye, a tsananta wa wanda ya nace sai ya ratsa gari da safe. Wannan dabarar na'ura ce kawai take iya ta.

Tunda an zo kan manyan motoci, akwai abin da injiniyoyin hanya suka sani tun gwaje-gwajen da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950: ɓarnar da mota ke yi wa titi ba ta tafiya daidai da nauyinta, tana ninkuwa ne. Idan aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi sau biyu, ɓarnar takan ninku kusan sau 16. Tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce ƙa'ida tana cin titi fiye da dubban ƙananan motoci. Amma a hanyar Keffi abin da take biya bai wuce ninki uku da ɗoriya na ƙaramar mota ba. Ban ce a lafta wa manyan motoci kuɗi ba, don masara da tumatir da shanu a kansu suke tafiya, duk abin da aka ƙara musu a kasuwa za mu biya shi. Mai lodin ƙa'ida ya biya daidai. Mai wuce ƙa'ida kuwa, akwai sikelin da ake binnewa a cikin titi yana auna mota tana tafe, a haɗa shi da ƙarfen, tara ta bi shi. In ba haka ba, kuɗin mai Golf ne zai riƙa gyara abin da mai lodin siminti ya fasa.

Duk wannan na'ura ce, kuma na'ura ba ta isa ba idan mutane ba su yarda ba. Afirka ta Kudu ta gina irin tsarin da nake roƙo, babu rumfa babu sanda, a manyan hanyoyin lardin Gauteng da ke kewaye da Johannesburg da Pretoria. An fara karɓar kuɗi a Disambar 2013. Jama'a suka ga ba a yi shawara da su yadda ya kamata ba, suka ga hanyoyin da suka saba bi kyauta ne aka sa wa kuɗi, sai suka ƙi biya, da yawansu, shekara da shekaru, har gwamnati ta haƙura ta kashe tsarin a Afrilun 2024. Na'urorin lafiyarsu ƙalau. Yardar ce babu. Tsarin da ba shi da sanda amana ne tsakanin ɓangare biyu, kuma gwamnati ce ya kamata ta fara cika tata.

Cika ta kuwa yana farawa da gama hanyar. Tun kakanninmu Bahaushe ya san kuɗin fito, bai taɓa jayayya da shi ba, saboda mai kwalekwale yana tsallakar da shi ne zuwa ɗaya gaɓar. Ba a biyan mai fiton da ya ajiye ka a tsakiyar kogi. Kada a kafa ƙarfe ko ɗaya tsakanin Zuba da Kaduna alhali ana karkatar da motoci hannu ɗaya. Bayan an fara kuma, a rubuta a yarjejeniya cewa idan rami ya wuce kwanaki kaza ba a toshe ba, ko fitilu suka mutu, ko motar asibiti ta daina zuwa, karɓar kuɗi a wannan yankin ya tsaya har sai an gyara.

Sai bayyana lissafi. Wannan shi ne babban abin da lantarki ya fi hannu da shi, kuma shi ne wanda za a fi son a ɓoye. Na'urar ta san adadin motocin da suka wuce jiya da abin da suka biya, har kwabo. Babu dalilin da zai hana a wallafa shi kowane wata, ƙofa bayan ƙofa: ga abin da ya shigo, ga na kamfani, ga na biyan bashi, ga na gyara, ga kilomitocin da aka gyara. Mu a Kaduna mun ga abin da cire hannu daga kuɗi yake yi. Bayan dokar haraji ta 2016 ta hana ma'aikata karɓar tsabar kuɗi, abin da jihar ke tarawa a cikin gida ya tashi daga ƙasa da naira biliyan 15 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. Mutum yana iya ƙin gwamnatin da ta yi haka, yana iya cewa ba wannan kaɗai ya kawo ƙarin ba, amma ba zai ce toshe ɓarakar bai yi aiki ba. Mun kuma ga ɗaya fuskar a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. An koma sayar da tikiti ta intanet a Janairun 2021 don a kori masu saye su ɓoye, abin ya ragu, amma koke bai ƙare ba, domin duk inda aka bar ƙofar baya a buɗe, mai nema zai same ta. Idanun jama'a a kan lissafi su ne makullin wannan ƙofar.

Abin da zai fi ƙona wa direba rai shi ne a ɗora masa sabon kuɗi a kan tsofaffin. Mai ɗauko kaya daga Dawanau ko Saminaka zuwa Kudu ya san shingaye nawa yake tsayawa, ya san sitikun ƙananan hukumomi nawa ke gilashinsa, ya san masu sanda da ƙusa da ba su da ko kaki. Lokacin da dillalan abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, yawan haraji da tatsa a hanya na cikin kokensu. Kowane ɗaya daga cikin shingayen nan tolget ne, mai tsayar da mota, mai haifar da layi, wanda kuɗinsa ba ya toshe rami ko ɗaya. Mene ne amfanin mota ta wuce ƙarfen lantarki a guje, idan bayan kilomita biyar za ta tsaya a gaban ganga da taya? Shingen tsaro na gaskiya yana da muhallinsa, ba shi nake nufi ba. Amma ranar da aka kunna na'ura, ranar ya kamata a kwashe duk mai karɓar kuɗi a kan wannan hanyar, na jiha ne ko na ƙaramar hukuma ko na ƙungiya. Da wannan ne gwamnati za ta iya kallon shugabannin direbobi ta ce kada a ƙara wa fasinja fiye da kima. Naira 1,000 a bas mai mutum 18 ba ta kai naira 60 a kan kowa ba, kuma fasinja ya cancanci ya san haka kafin a ce masa mota ta ƙara ɗari biyar saboda tolget.

Masu talla ma suna raina, matan da yaran da layin motoci ne kasuwarsu, masu gurasa da rake da dafaffen ƙwai. Tsarin da ba ya tsayar da mota ba zai ba su ciniki ba. Amma gudun yarinya da tire a ka tsakanin tayoyin tirela ba sana'ar da za mu yi fatan ɗorewarta ba ce. Wuraren hutawar matafiya da garejin manyan motoci su zo da rumfuna, a fara ba mutanen garuruwan da ke bakin hanyar.

Wurin da za a kafa ƙarfen shi ma magana ce. Kaduna ta 2003 ba ita ce ta yau ba. Gonin Gora, Kakau, Rigachikun da Mararraba duk sun zama unguwannin masu kwana can su yi aiki a cikin gari. Idan aka mayar da ƙofa inda take a da, malamin makaranta da ke shigowa kullum zai biya sau biyu a rana, ya fi mai zuwa Kano sau ɗaya a wata biya nesa ba kusa ba. Manufar 2021 ta yi alkawarin rangwame ga mazauna kusa da ƙofa, kuma da sitika wannan abu ne mai sauƙi, tunda na'urar ta san motar da ke wucewa kullum. Sitikar kuma tana ba da damar a biya gwargwadon tafiya, wanda ya sauka a Jaji kada ya biya kuɗin wanda ya wuce Kwanar Dangora.

Irin waɗannan abubuwa a takardar yarjejeniya ake yanke su, kuma yarjejeniyar hanya takan ɗauki shekaru ashirin ko fiye. Da zarar an zuba kankaren rumfuna an sa hannu, kamfani zai ce a kan haka ya ci bashi, canzawa sai da diyya. Shi ya sa nake kira ga Mai Girma Gwamna Uba Sani, da sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilai, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu manyan motoci da 'yan kasuwa, su nemi Ma'aikatar Ayyuka ta kawo zanen tolget ɗin da daftarin yarjejeniyar nan Kaduna, a karanta su a zauren da kowa zai iya shiga, da Hausa da Turanci, tun aikin hanyar bai ƙare ba. Tambayar farko da za a yi wa wanda ya kawo zanen ita ce motoci nawa ƙofarsa za ta wuce da su a awa guda ranar jajibirin Sallah, kuma ya ba da amsar a rubuce.